Juyin Mulki a Aji Biyar

Abubuwa da yawa sun ɓace mini a ka, har sunayen wasu abokan da muka tashi tare sai na yi da gaske nake tunowa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan aji biyar suka kifar da gwamnatina ba. Yanzu da furfura ta cinye rabin gemuna ina iya ba da labarin ina dariya. A wancan lokacin kuwa, ko Sabon Gari aka ambata a gabana sai in ji zufa ta karyo mini.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, aka miƙa mulki ga farar hula. Ni kuma ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, inda ba a sallamar ɗalibi sai ya yi bincike ya rubuta. Abokaina masu wayo suka zaɓi abubuwan da mutum zai zauna a inuwa ya rubuta ba tare da ya wahalar da kansa ba, irin su dalilan da ke sa yara makara. Ni kuwa da yake Allah ya zuba mini iyayi, sai na ce zan gwada in ga ko yara sun fi fahimtar darasi idan aka koya musu ta hanyar wasa. Wasu 'yan shafuka na karanta a ɗakin karatu, na ga ana irin wannan bincike a wasu ƙasashe, shi ke nan kai ya kumbura. In ina tafiya a layinmu na Fagge ji nake kamar ilimin ƙasar nan gaba ɗaya ni yake jira.

Babanmu tela ne, a Fagge ya buɗe ido, a Fagge ya tsufa a kan keken ɗinki. Da na yi masa bayanin binciken bai ko ɗago kai ba, zare yake sakawa a allura. Ya tambaye ni ko dama wasa ake koyarwa a kwalejin, don in haka ne da ya sani da bai bari na yi nisa ba, yaran layi ma sun isa su koya mini. (Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, in ana maganar karatuna cewa yake ɗansa ya karanci langa.) A shekarar kuwa shagonsa ba ya rabo da jama'a, 'yan siyasa na kawo ɗinkin manyan riguna, rediyo a kunne, ana ta musu a kan ko da gaske sojan za su tafi. Baba ba ya shiga musun. Yakan ce shi dai ya taɓa ɗinka wa farar hula riguna, kuma kafin su tsufa masu su suka ɓoye su a ƙasan akwati.

Firamaren da aka tura ni koyarwar gwaji tana bakin Sabon Gari ne, daga gidanmu da ƙafa nake zuwa. Ina kewar wannan tafiya har gobe. Ka baro ƙarar kekunan ɗinki da masu dakon dilolin atamfa, ka tsallaka titi, sai ƙamshin burodi mai zafi ya tare ka, ga kafintoci sun fito da kujeru bakin hanya, ga mata suna soya doya suna tsokanar masu wucewa. A cikin aji kuwa yaran Fagge da na Sabon Gari benci ɗaya suke zama, su yi faɗa a kan fensir da safe, su raba rake da rana. Shugabar makarantar wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, kowa Madam yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, kuma in ta yi maka faɗa da Hausa sai ka koma gida ka tambayi Inna ma'anar wasu kalmomin.

Sai kuma Malama Yagana. Aji biyar biyu ne a makarantar, aka ba ni ɗaya, ita ke riƙe da ɗayan, bango ne kawai tsakaninmu. Babarbariya ce, iyayenta sun daɗe da zama a Rijiyar Lemo, mahaifinta yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Ba ta da hayaniya. Ta bangon nake jin muryarta tana karanta wa yara darasi a hankali, kuma sau da yawa nakan tsaya da alli a hannu ina saurare har yarana su fara kallon juna. In ta wuce ta baranda ƙamshin turaren wuta yakan daɗe bai tafi ba. In an fita tara malamai sukan zauna a gindin darbejiya, ni kuma kullum sai na sami dalilin da zai sa kujerata ta matso kusa da tata, in yi ta zuba bayanin ilimin zamani, ita tana ɓare gyaɗa tana cewa "to". In an tashi hanyarmu ɗaya ce har mararrabar da take shiga mota, kuma a wannan 'yar tafiyar na gaya mata komai na duniya, tun daga sunayen malaman kwalejinmu har yadda ake yanka wuyan kaftani, ban da abu ɗaya.

Abin ɗayan shi ne ina son ta, son da ya hana ni sakat. Ban taɓa furtawa ba, wai jira nake in yi abin a zo a gani tukuna. Na tsara a raina cewa ranar da malamin da ke duba bincikena zai zo, zan burge kowa a gabanta, in an tashi in yi mata magana, in ta amsa Baba ya tura manya Rijiyar Lemo.

Gwajina na farko bai yi armashi ba. Na ce zan koyar da lissafi da dara, yara suka bi tsakar makaranta da ramuka, har Madam ta kusa karya ƙafa a hanyar ofis. Sai na canja tsari. Za a koyar da darasi ɗaya a azuzuwan biyu, darasin zaɓe da mulki, tunda ba abin da ake zance a gari sai shi. Malama Yagana za ta koyar yadda aka saba, da allo da alli, ni kuma in koyar da wasa. Daga ƙarshe a yi musu jarrabawa iri ɗaya a ga waɗanda suka fi ganewa. Da na gama yi mata wannan bayani sai ta ce ashe ita ce tsohon yayi ke nan a cikin littafin nawa. Na rikice na shiga rantse-rantse, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Washegari ita ce ta kawo mini babban kwalin sabulu daga shagon mahaifinta, muka huda samansa ya zama akwatin zaɓe.

Wasan ya karɓu fiye da yadda na zata. Na raba yara jam'iyya biyu, ta Mangwaro da ta Rake. Akwai 'yan takara, akwai malaman zaɓe, akwai 'yan jarida masu yawo da cokali suna miƙa wa mutane a baki don su yi jawabi. Bular wanki muka jiƙa don dangwala yatsa. 'Yar takarar Mangwaro wata yarinya ce 'yar firit mai suna Ummi, wadda ta yi alkawarin soke sharar da ake sa 'yan makara. Abokin karawarta bai yi alkawarin komai ba, alawa kawai ya riƙa rabawa (ban koya masa ba, wallahi, da iliminsa ya zo). A saman allo kuma na rubuta dokar da na fi alfahari da ita: muddin ana cikin wasa malami ba ya sa baki, kuma duk wanda mulki ke hannunsa, har malami sai ya bi umarninsa. A ganina wannan doka ita ce ƙashin bayan binciken.

Matsalata ɗaya ce, ko in ce biyu: Sagiru da Emeka. Su ne manyan ajin, a bencin baya suke zama, dukansu sun maimaita aji, kuma ba a ganin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Uban Sagiru mahauci ne a Fagge, uban Emeka yana sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, amma in ka ga yadda suke cin abinci kwano ɗaya sai ka rantse 'yan ɗaki ɗaya ne. Na ba su aikin jarida suka ƙi. Na ce su ƙirga ƙuri'a suka ce ba su da lokaci. Sai dai su zauna a baya suna kukan akuya duk sa'ad da ɗan takara ya fara jawabi. Ina cikin neman mafita sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum yake yi wa kansa tafi. Na naɗa su sojoji masu gadin akwati, na ba su ƙafafun wani karyayyen benci a matsayin bindigogi, na ce su zaɓi yara 'yan kaɗan su zama rundunarsu.

Daga ranar suka zama mutanen kirki. Su ne farkon zuwa, in an fita tara ba sa sayen komai, fareti suke yi a bayan aji. Madam ta taɓa tsayawa ta daɗe tana kallonsu, ta tambaye ni su wane ne waɗannan, na ce masu gadi ne kawai, ta ce "uhm" ta wuce. Malama Yagana ma ta tambaye ni ko na gaya musu abin da za su yi bayan an gama zaɓen. Na gyara tsayuwa na ce ai amfanin wasa ke nan, yaro shi yake gano wa kansa. Sun kuwa gano.

Ranar da Dokta zai zo (haka muke kiran malamin da ke duba aikina, wani dattijo siriri wanda ba mu taɓa ganin haƙoransa ba), Baba ya ɗinka mini kaftanin farar shadda, duk da tsiyar da yake yi wa binciken. Inna ta sa aka zuba masa sitaci har yana iya tsayuwa da kansa. Madam ta gayyato sauran malamai suka jeru a jikin bango. Malama Yagana ta kawo 'yan ajinta suka cika tagogi, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa. Aka ba Dokta kujera a gaba.

Kafin a fara na yi jawabi, wanda ya fi na 'yan takarar tsawo. Na nuna dokar da ke saman allo na karanta ta da ƙarfi. Dokta ya ɗago kai ya kalle ni ta saman tabarau.

"Ko me suka yanke za ka bi?"

"Ko me suka yanke, ranka ya daɗe," na ce, ina satar kallon ƙofa.

Zaɓen kansa ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Yara suka yi layi ba turereniya, kowa ya dangwala ya jefa. Aka juye akwati a kan tebur aka ƙirga a bainar jama'a, Ummi ta lashe, har waɗanda suka fi kowa shan alawa ita suka zaɓa. Aji ya kaure da tafi. Na ga Dokta yana gyaɗa kai. Na waiwaya ƙofa, Malama Yagana ta yi mini murmushi irin wanda ban taɓa samu a gindin darbejiya ba. A wannan lokacin, Allah ya sani, har na fara tunanin wane kawun nawa ne ya fi iya magana a gaban surukai.

Ana raka Ummi kujerar shugaba sai muka ji kiɗa daga baya. Sagiru ne yake dukan benci da tafin hannu, ba kuma kiɗan wasa ba, badujala ce sosai, irin wadda rediyo ke saki da sassafe ba tare da sanarwa ba. Duk wani babba da ke ɗakin ya san wannan kiɗa. Malaman da ke jikin bango suka daina tafi. Na ga Madam ta dafe ƙirji kafin ta tuna cewa benci ne kawai. Rundunar ta taso a jere, wasu suka tsare ƙofa, wasu suka kewaye tebur, Emeka kuma ya hau benci da wata takarda da ya naɗe kamar mazurari a bakinsa, ya kumbura murya.

"'Yan uwana 'yan aji biyar," in ji shi, "ni Janar Emeka, a madadin rundunar aji, ina sanar da ku cewa mun karɓi mulki. An soke zaɓe. An rufe tagogi da ƙofofi. An hana fita tara sai abin da hali ya yi. Kowa ya zauna a inda yake, ya kwantar da hankalinsa."

Ban san inda ya haddace shi ba, amma ko gargada bai yi ba. Ummi ta rarumi akwatin ta zauna a kai, ta ce sai dai a ɗauke su tare. Sojoji suka dube ta, suka dubi juna, suka ga wannan ba ta taɓuwa. Sai suka juyo kaina. Janar ya sanar cewa binciken da rundunarsa ta yi ya nuna Malam ne ya shirya zaɓen, shi ya kawo rabuwar kai a aji, don da can ba Mangwaro ba Rake. Hukuncinsa tsallen kwaɗo, daga allo zuwa bangon baya, a kuma dawo.

Na yi 'yar dariya irin ta manya, na tafa hannu na ce to madalla, wasa ya ƙare, kowa ya koma wurinsa. Ba wanda ya motsa. Emeka ya ɗaga ƙafar bencin da ke hannunsa ya nuna saman allo, inda rubutuna yake ɓaro-ɓaro. Na juya wajen Dokta ina neman ceto. Dattijon nan ya cire tabarau ya goge a hankali da gefen rigarsa.

"Malam, kai ka kafa dokar, ba ni ba. In ka karya ta ba laifi, sai in rubuta cewa ba a kammala gwajin ba, ka sake wani baɗi."

Wanda bai taɓa tsayawa tsakanin mutuncinsa da takardar shaidarsa ba, ba zai gane abin da na ji ba. In na ƙi, shekara ta tafi, ba takarda, ba aiki, kuma ba kawun da zai taka Rijiyar Lemo ya nema wa ɗalibi mai maimaita aji aure. In na yi kuma, to ga ta nan a bakin ƙofa. Na dubi yaran, sun zuba mini ido gaba ɗayansu, har Ummi da ke kan akwati, suna jira su ga ko maganar malami magana ce. Na tattare farar shaddata, na tsuguna, na kama kunnuwana.

Ba ni da ƙiba a lokacin, amma tsallen kwaɗo ba a yi shi don mai kaftani ba. Sitacin yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Tun ban yi nisa ba hulata ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujerar Dokta, shi kuwa ko ƙafa bai ɗaga ba. Sagiru ya ci gaba da kiɗa yana daidaita shi da tsallena, wani ƙaramin soja yana biye da ni yana gyara mini riƙon kunne. Yaran tagogi suka ɗauki ihu. (Abu ɗaya zan faɗa don girmama mamaci: wandon bai yage ba. Baba tela ne na gaske.) Na kai bango na juyo, kuma hanyar dawowa ta bakin ƙofa ta bi. Na yi niyyar kada in ɗaga kai. Takalmanta na fara gani, sai ido ya ci amanata. Ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza, hawaye na zuba, dariya take yi har tana dafa ƙyaure. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban ko waiwayi hulata ba.

Madam ce ta kawo ƙarshen mulkin soja. Ta tako tsakiyar aji ta miƙa hannu kawai, Janar ya sauko ya ba ta mazurarin, rundunar ta ajiye makamai. Dokta ya kira Emeka ya tambaye shi, ba da faɗa ba, wa ya sa su. Yaron ya yi mamakin tambayar. Ya ce ba kowa, ai haka ake yi, in an gama zaɓe sai soja su karɓa, shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin an yi wani abu daban ba. Sauran dariyar da ta rage a ɗakin ta tsaya. Dokta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ya ce mini abin da ya faru yau shi ne binciken, in rubuta shi yadda yake kada in rage komai, har tsallen. Daga baya ya ba ni makin da bai saba bayarwa ba. Amma a ranar ko rabin maganarsa ban ji ba, hankalina yana kan dariyar bakin ƙofa.

Ban tsaya an tashi ba. Na zaro hulata, na bi ta bayan makaranta na tare ɗan acaɓa, tafiyar da kullum nake yi da ƙafa. Washegari na ce zazzaɓi nake. Kafin in ankara sunan Malam Kwaɗo ya tsallako titi ya iso Fagge, tunda rabin ajin 'yan unguwarmu ne. In na fito daga masallaci sai in ga yara sun tsuguna a bakin kwata sun kama kunne suna kallon sama, wai su ba da ni suke ba. Dama lokacin koyarwar gwajin ya zo ƙarshe, sai na roƙi wani abokina ya je ya yi wa yaran jarrabawar ya kawo mini takardun, na ƙule a ɗaki na yi rubutuna.

Madam da kanta ta zo shagon Baba, wai ta kawo ɗinki. Ta ce a gaya mini yara suna nemana, malamai ma suna tambaya, musamman maƙwabciyar ajina. Baba ya isar da saƙon yana kallona ta gefen ido, ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa jin wanda tsallen kwaɗo ya kashe ba. Ni kuwa na riga na gama fassara komai: so suke in koma su ƙarasa dariyar da suka fara. In na zauna ni kaɗai sai in ga mayafin nan a bakinta, kuma kullum dariyar ƙara girma take a kaina. Sau da yawa na yi wanka na sa kaya na kama hanya, har in wuce kafintoci, amma da na hango rufin makarantar sai ƙafata ta juya da kanta. Na daina shiga Singa, na daina bi ta Rijiyar Lemo. Da aka zo rarraba mu wuraren aiki na roƙi a kai ni ƙauye mai nisa, aka kuwa kai ni da murna, don ba mai roƙon haka. A can na ji labarin auren Malama Yagana, a bakin wani direba, a tsakiyar hirar da ba ta shafe ta ba. Na ce Allah ya sa alheri. Na shiga aji na ba yara aikin da ni ma ban gane kansa ba, na fita na zauna a bayan makaranta.

Ba zan yi wa Allah butulci ba. Na yi aure, na sami mace ta gari da 'ya'ya, na ƙaro karatu, har na dawo Kano ina koyar da masu son zama malamai. Amma akwai wata kewa da ta ƙi tsufa. Nakan tuna muryar da ke ratso bango, da ɓawon gyaɗa a gindin kujera, da waɗannan yara da ban tsaya na yi musu sallama ba. Na taɓa bi ta wurin a adaidaita, na tarar an sare darbejiyar an yi shaguna, Madam kuma aka ce ta bi 'ya'yanta kudu bayan ta yi ritaya.

Bara waccan, ana shirin bikin 'yata ta fari, aka tura ni Singa sayen kayan gara. Ina tsaye a bakin wani shago ina jiran a ɗaure mini kaya sai na ji an ce "Malam" daga ciki. Tun kafin in juya na san mai muryar. Tana zaune a kan kujera a bayan buhunan sukari, ta yi jiki, ta sa tabarau. Ashe shagon mahaifinta ne, ƙannenta ke riƙe da shi tun bayan rasuwarsa, ita kuma takan leƙo in ta shigo gari. Muka yi gaisuwar dattawa, ta tambayi iyali, na tambayi Alhaji da yara, muka yi wa juna ta'aziyyar iyaye. Sai ta tambaye ni wai a ƙarshe wane aji ne ya ci jarrabawar, don ba wanda ya taɓa dawowa ya gaya mata. Na ce nata ne, amma nawa ne har yau in sun gan ni a hanya suke tuna darasin. Ta yi murmushi. Ganin haka na yi ƙarfin hali na ce, cikin raha, ai Hajiya ba yadda za a yi in dawo bayan irin dariyar da aka yi mini a bakin ƙofa.

Ta mai da idonta kan masu dako suna loda kaya.

"Malam, kowa ya yi dariya, Madam ma sai da ta shiga ofis ta rufe ƙofa ta yi tata. Amma ni da na koma gida a ranar, na ce wa Babana akwai wani malami da nake jin zai turo. Na ce masa mutumin da ya tsuguna a gaban yara don kada ya karya maganar da ya yi musu, ba zai karya wadda zai yi mini ba."



"Ya daɗe yana tambayata, ina malamin naki," ta ce. "Daga baya ya daina."

Ta gyara mayafi, ta sa aka ƙara kwalin taliya a kan kayana, wai gudummawarta ga amarya, ta yi fatan a yi biki lafiya. Na yi godiya na fito. Mai adaidaita ya yi ta tambayata ina muka nufa, sai da ya taɓa kafaɗata sannan na ji shi.

Har yanzu ina koya wa ɗalibaina amfani da wasa a aji, don na yarda da shi, yaro yakan fito da abin da ke cikinsa a wasa fiye da a takardar jarrabawa. Sai dai nakan haɗa musu da gargaɗi biyu. Na farko, komai ƙiriniyar yaro kada ka ba shi sanda ka ce masa soja. Na biyu, duk ranar da ka ji kunya a gaban mutane, washegari ka yi sammako ka koma wurin, ka gaishe da kowa, ka tsaya ka ji abin da za a ce maka. In na faɗi na farkon sukan yi dariya. Na biyun kuwa rubutawa kawai suke yi, a zatonsu zai fito a jarrabawa.